Ba Ƙwaya Ce Ta Kaɗa Jitar Kurt Cobain Ba

A ranar 23 ga Janairun 1988, Kurt Cobain, saurayi ɗan shekara 20 daga garin Aberdeen na jihar Washinton a Amurka ya shiga wani ƙaramin situdiyo a birnin Seattle mai suna Reciprocal Recording, shi da abokinsa Krist Novoselic da wani makaɗin ganga da suka aro daga wata ƙungiya. Kafin awa shida ta cika sun naɗi waƙoƙi goma, ta ƙarshen ma tef ne ya ƙare mata a tsakiya. A ƙarshen wannan shekarar suka koma ɗakin suka fara ɗaukar kundinsu na farko, Bleach. Awa talatin aikin ya ci, aka rubuta musu kuɗi dala 606 da santi 17, kuma ko wannan ɗin wani abokinsu ne ya biya, domin aljihunsu wayam yake.

Shekara shida bayan zuwan farko, a ƙarshen Janairun 1994, ƙungiyarsu ta Nirvana ta kama situdiyon Robert Lang da ke yankin Seattle na kwana uku. A lokacin babu sunan da ya kai nasu tashe a duniyar kiɗan rok. Kuɗi akwai, kayan aiki sai wanda suka ga dama. Kwana biyun farko Novoselic da mai ganga Dave Grohl su kaɗai suka yi ta gwaje-gwajensu suna duban hanya. Kurt Cobain bai zo ba sai a rana ta uku, kuma cikakkiyar waƙa ɗaya tak aka samu. Daga nan bai sake shiga situdiyo da ƙungiyarsa ba har ya mutu a watan Afrilu.

Waƙa goma cikin awa shida, sannan waƙa ɗaya cikin kwana uku. Abin da ya shiga tsakanin waɗannan ranaku biyu ita ce hiroyin, muguwar ƙwaya mai kama jiki. Duk da haka har gobe za ka ji matashi, a Turai ko a nan gida, yana cewa manyan mawaƙa sai da ƙwaya basira ke sauko musu, kuma sunan Cobain na cikin na farko da ake kawowa hujja. Wannan magana ƙarya ce mai kisa, kuma tarihin mutumin da kansa ya isa ya ƙaryata ta, in har za a duba ranakun da ya yi aikinsa da yadda ya yi shi.

An haife shi ranar 20 ga Fabrairun 1967. Aberdeen garin masu saran katako ne, ruwan sama ba ya ɗaukewa, aikin yi kuma yana ta ƙaranci. Ubansa makanike ne. Iyayensa sun rabu yana ɗan shekara tara, ya yi ta yawo daga gidan wannan ɗan'uwa zuwa na wancan. Da ya cika 14 kawunsa ya ba shi zaɓi tsakanin keke da tsohuwar jita, ya ɗauki jita. Bai gama sakandare ba. Ya yi aikin shara da goge-goge don ya ci abinci. A 1987 suka kafa Nirvana, cikin irin kiɗan rok ɗin da ya taso a bayan fage, wanda ƙananan kamfanoni da gidajen rediyon jami'o'i suka raina a shekarun 1980 lokacin da manyan kamfanoni ba sa ko kallonsa. Na yankin Seattle shi ne 'yan jarida suka laƙaba wa suna grunge.

Masu cewa hauka ne kawai da hayaniya ba su taɓa riƙe jita ba. A ɗauki hannunsa tukuna. Da hagu yake kaɗawa, jitar bahago kuwa tana da wuyar samu a kasuwar kayan hannu, musamman ga wanda ba shi da kuɗi. In ka juya ta dama ka mayar da ita ta hagu, ba sauya tsirkiyoyi kaɗai ba ne. Ɗan ƙashin da ke saman wuyan jita yana da tsagi shida, kowanne an yanka shi daidai kaurin tsirkiyarsa, sai an sake shi, in ba haka ba mai kauri ta ƙi zama, siririya kuma ta yi ta lilo tana zuza. Ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a gindin jita shi ma sai an sake saita kowane ɗan sirdi, gaba ko baya, domin tsirkiya mai kauri tana bukatar ɗan ƙarin tsawo. In ba a yi ba, jitar za ta yi daidai a buɗe, amma da ka haura gaɓa ta goma sha biyu sai amon ya kauce. Irin wannan ɗawainiya ce ta sa ya saba da jitoci masu araha kamar Univox Hi-Flier, daga baya Fender Mustang da Jaguar, waɗanda a lokacin makaɗa ba sa darajantawa.

Su kuma waɗannan biyun suna da nasu ciwon. Wuyansu gajere ne, tsawon tsirkiya inci 24, alhali na Stratocaster, fitacciyar jitar kamfanin Fender, 25 da rabi ne, saboda haka tsirkiyar ba ta ɗaurewa tamau. Ga shi kusurwar da take saukowa daga kan sirdi ba ta da zurfi. Mai kaɗawa da ƙarfi irin Cobain, bugu ɗaya sai tsirkiya ta yi tsalle ta bar tsaginta, sautin ya watse a tsakiyar waƙa. Maganin da aka yi, wanda mai kula da kayansa Earnie Bailey ya sha bayyanawa, shi ne a cire ƙarfen asali a sa irin na jitocin kamfanin Gibson mai tsagi mai zurfi, a kashe sandar lanƙwasa amo gaba ɗaya, a sa tsirkiyoyi masu kauri, daga lamba 10 zuwa 52. Sau da yawa kuma yakan sassauta dukkan tsirkiyoyin da rabin mataki, abin da ke sa amon ya yi nauyi, muryar mawaƙi kuma ta samu sauƙin kaiwa sama.

Sai maganaɗisun da ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya mayar da ita lantarki. Na asalin Fender naɗin waya ɗaya ne, mai tsabtar amo, amma yana jan gurnanin wutar gida kamar eriya, sau 60 a sakan a Amurka, sau 50 a irin wutarmu. A kiɗa mai sanyi ba ka jin sa. Da ka ƙure sauti sai gurnanin ya taso ya rufe komai. Shi ya sa Jaguar ɗinsa ƙirar 1965 take ɗauke da maganaɗisu mai naɗi biyu na kamfanin DiMarzio: naɗi ɗaya ya nufi dama, ɗaya hagu, gurnanin da wannan ya jawo sai wancan ya kashe shi, amon tsirkiya kuma ya ƙaru. Mustang ɗinsa ma haka aka sauya musu.

A ƙasa, gaban ƙafarsa, kayan ba su da yawa. Akwai ɗan akwatin takawa ruwan lemo, Boss DS-1, wanda ke gurza sauti ta hanyar yanke kan igiyarsa, da wani mai suna Small Clone, wanda ke kwafar amo, ya jinkirta kwafin da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya ɗan karkaɗa shi, ya haɗa da na asali, sai ka ji kamar a ƙarƙashin ruwa ake kiɗan. Kayan da duk ɗan koyo zai iya saya ne. Gwanintar tana wurin sanin lokacin takawa da lokacin sakewa.

Nan ne wurin da ya kamata a tsaya a kai. Waƙarsa da ta fi shahara, Smells Like Teen Spirit, haɗin amo huɗu ne kacal, kuma siffar hannu ɗaya ce: ɗan ali a kan tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta ɗaya, yatsa na kusa da ƙarami a tsirkiya ta gaba gaɓa biyu sama. Sai a sauko da siffar tsirkiya ɗaya, sai a matsa gaɓa ta huɗu a maimaita. Amo biyu ne kawai a kowane haɗi, uwar amo da na biyar ɗinta. Me ya sa ba a cika uku ba kamar yadda ake koyarwa? Domin akwatin gurza sauti ba ƙara kawai yake yi ba, yana haifar da sababbin amo daga jimla da bambancin waɗanda aka ba shi. In uwar amo tana girgiza sau 100 a sakan, na biyar yana yin 150, bambancinsu 50, rabin uwar daidai, wato ita ce dai a hawa na ƙasa. Sai sautin ya yi kauri kamar an ƙara wata jita. Amma in ka cusa amo na uku, lissafinsa a wuyan jita ba ya faɗawa daidai, 'ya'yan da zai haifa sai su yi ta karo da juna, a ji taɓo. Cobain bai karanta wannan a makaranta ba, kunnensa ne ya gano, kuma kunne ba ya gano irin wannan sai da shekaru na zama da jita a cinya. Tsarin sanyi sannan ƙara, baiti a hankali amshi da tsawa, shi da bakinsa ya ce daga ƙungiyar Pixies ya koya.

Hatta farfasa jitar da yake yi a ƙarshen wasa, wadda ake nuna wa a matsayin shaidar tabuwa, da shiri a cikinta. Akwai jitoci masu araha da ake ajiyewa domin wannan, kuma wuyan Fender da kusoshi huɗu aka ɗaure shi a jiki. In ya karye a daren yau, gobe mai gyara ya kwance ya ɗaura wani.

Ɗaukar kundin Nevermind a situdiyon Sound City da ke California, a watannin Mayu da Yunin 1991, ita ma darasi ce. Kafin su je sun shafe makonni suna atisaye kusan kullum a wani rumbu a garin Tacoma, suna naɗar kansu a rediyo mai kaset. Furodusa Butch Vig ya so ya ninka muryar Cobain, wato ya rera baiti sau biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya don ta yi faɗi. Cobain ya ƙi, sai da Vig ya tuna masa cewa John Lennon na ƙungiyar Beatles ma haka yake yi. Wannan dabara ba ta yiwuwa sai mawaƙi yana iya maimaita kansa kusan daidai, a numfashi, a tsawon gaɓa, a inda murya ke tsagewa. In aka samu saɓani kaɗan sai a ji mutum biyu suna rige-rige. Vig ya sha faɗin yadda rerawar Cobain biyu ke hawa kan juna kamar an auna. Wanda ya bugu ba ya iya wannan. A wata waƙar an jera jita har biyar kan juna ta amsa-kuwwa daban-daban. A wata kuma, mafi sanyin kundin, Cobain yana kwance kan kujera da wata tsohuwar jitar katako wadda tsirkiyoyinta ba su cika ba, yana rerawa ƙasa-ƙasa, sai Vig ya kashe na'urar sanyaya ɗaki da wayoyin tarho ya kawo makirfo kusa da shi ya ɗauka a haka.

Kundin ya fito ranar 24 ga Satumban 1991. Kamfanin DGC kwafi dubu 46 da 'yan kai ya fara rabawa shaguna a Amurka, yana fatan in an yi sa'a a sayar da dubu 250. A watan Janairun 1992 ya ture kundin Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, kuma zuwa yau an sayar da sama da miliyan 30.

To, a duba ranaku. Gaskiya ne Cobain ya ɗanɗani hiroyin tun a shekarun 1980, jefi-jefi. Amma ba ta zama abincinsa na kullum ba sai wajen ƙarshen 1991 zuwa farkon 1992. Waƙoƙin Nevermind da dama an riga an naɗe su a gwaji tun Afrilun 1990 a garin Madison. Babbar waƙar, Smells Like Teen Spirit, an fara kaɗa ta gaban jama'a a Seattle ranar 17 ga Afrilun 1991. Kundi na uku, In Utero, wanda Steve Albini ya ɗauka cikin kusan mako biyu a Fabrairun 1993 a jihar Minnesota, shi ake nunawa a ce ga ɗan ƙwaya ya yi abin kirki. Amma wasu daga cikin fitattun waƙoƙinsa tun 1990 da 1991 aka rubuta su. Rumbun da ya cika kafin kamu shi aka yi ta ɗiba. A 1992, shekarar da duniya ke rububin ganinsu, wasanninsu sun ragu ƙwarai. Bayan In Utero kuwa, ga abin da aka samu a situdiyo: waƙa ɗaya.

Ba na musun cewa akwai ciwo a cikin waƙoƙinsa. Akwai, kuma shi ne ya sa miliyoyin yara da iyayensu suka rabu, ko suka taso a garuruwan da masana'antu suka mutu, suka ji kamar da bakinsu yake magana. Amma ciwon rai daban, ƙwaya daban. Ciwon ya riga ƙwayar zuwa. Akwai baƙin ciki mai tsanani irin wanda likita ke magani, akwai tarihin kashe kai a danginsa, akwai kuma ciwon ciki da ya addabe shi shekaru, wanda likitoci suka yi ta bincike ba su tsayar da sunansa ba. Shi da kansa ya ce saboda cikin ne ya rungumi hiroyin. Wannan shi ne tarkon, kuma yana da kyau a san yadda yake kamawa, don yana kama mutane da yawa da ba su taɓa riƙe jita ba.

Hiroyin tana shiga jiki ta rikiɗe ta zama mofin, ta manne a wasu 'yan ƙofofi da ke ƙwaƙwalwa da laka da kuma hanji. A ranakun farko ciwo yana ɗaukewa ɗif, mutum ya ga ya samu waraka. Amma tana daskarar da motsin hanji, bayan gida ya ƙi fita, ciki ya kumbura. Jiki kuma yana sabawa, abin da ya isa jiya ba ya isa yau. Cobain ya ce ya kai lokacin da yake kashe dala 400 a rana. In an yi awa 6 zuwa 12 ba a sha ba, sai ciwon yankewa ya taso: hamma, gumi, majina, ciwon ƙashi, da murɗar ciki da amai da zawo. Yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa cikin mako guda. Ka ga mai ciwon ciki ya sha don cikinsa, yanzu rashin shan ne ke murɗa masa cikin fiye da da, shi kuma yana ganin tsohon ciwonsa ne ya dawo, sai ya ƙara. An gudu ba a tsira ba. Likitoci ma sun san cewa daɗewa kan irin waɗannan magunguna yana iya sa jijiyoyi su ƙara jin zafi maimakon su rage.

Yadda take kisa kuwa ta numfashi ne. Tana danne sashen ƙwaƙwalwa da ke tuna wa huhu ya ja iska. Mutum ya yi barci, numfashi ya ragu, leɓe ya yi shuɗi, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. In aka haɗa da giya ko maganin barci, haɗarin ya ninka. A Yulin 1993, kafin wani wasa a New York, hiroyin ta yi wa Cobain yawa, aka ceto shi da allurar naloksan, maganin da ke ture hiroyin daga ƙofofin nan cikin minti biyu zuwa uku. Amma ƙarfinsa minti 30 zuwa 90 ne kawai, ƙwayar tana iya fin sa daɗewa a jini, shi ya sa wanda aka farfaɗo dole a kai shi asibiti. Shi a daren nan dandali ya hau ya yi wasa, 'yan kallo ba su san komai ba. Ranar 4 ga Maris 1994 a birnin Rum na Italiya aka kai shi asibiti a sume bayan ya haɗa giya da ƙwayoyin Rohypnol. Wannan ita ce rochi da ake sayarwa a lungunanmu.

Daga nan abin ya yi sauri. Wasansa na ƙarshe a birnin Munich na Jamus ne, ranar 1 ga Maris. A ƙarshen watan iyali da abokai suka taru suka matsa masa, ya shiga wata cibiyar jinyar masu shaye-shaye a Los Angeles, bayan kwana biyu ya haura katanga ya koma Seattle. Ranar 5 ga Afrilu ya kashe kansa, aka ga gawarsa ranar 8. Shekarunsa 27, ya bar mata da 'ya wadda ba ta cika shekara biyu ba.

Daga wannan adadi aka gina wata tatsuniyar, wai akwai wani abu a shekara 27 da ke ɗauke haziƙai, ana lissafo Jimi Hendrix, Janis Joplin, Jim Morrison, daga baya Amy Winehouse. A 2011 mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ ta buga binciken da ya bi rayuwar mawaƙa 1,046 da kundinsu ya taɓa zama na ɗaya a Birtaniya tsakanin 1956 da 2007. Ba a ga wani tashin mutuwa a shekara 27 ba. Abin da aka gani ya fi tatsuniyar muni: tsakanin shekara 20 zuwa 40, haɗarin mutuwar shahararren mawaƙi ya ninka na sauran jama'a sau biyu zuwa uku. Sana'ar ce ke da rami. A da'irar mawaƙan Seattle kaɗai, ga waɗanda ƙwaya ta kashe: Andrew Wood ya mutu a 1990 yana ɗan 24, Kristen Pfaff wata biyu bayan Cobain, Layne Staley a 2002 bayan shekaru yana kulle a gida ba ya iya aiki. Babu ɗayansu da ƙwaya ta ƙara wa waƙa.

Ramin kuwa akwai masu haƙa shi, ko da ba da gangan ba. Mawaƙin da ya shahara ya zama gona. Manaja na da kaso, mai shirya wasa ya biya kafin alƙalami, kamfani na jiran kundi, ma'aikata gomomi albashinsu na rataye da tafiyar. Soke rangadi asara ce ga kowa, sai a lallaɓa a ce ya daure ya gama wannan zagayen tukuna. Jinyar wannan cuta kuwa ba ta san jadawali ba. Wanke jini na mako ɗaya ko biyu ba magani ba ne, hasali ma lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan fitowa, domin sabon da jiki ya yi ya sauka, mutum kuma ya koma ya sha adadin da ya saba, numfashi ya tsaya. Abin da bincike ya tabbatar yana rage mutuwa da kusan rabi shi ne jinya mai tsawo da magunguna irin su metadon da bufurenofin a hannun likita, tare da kula da baƙin cikin da ke ƙarƙashi, watanni ko shekaru. A ganina duk kwangilar mawaƙi ya kamata ta ƙunshi haƙƙin dakatar da aiki don jinya ba tare da tara ba, kuma duk ayarin da ke rangadi ya riƙe naloksan kamar yadda yake riƙe tsirkiyar canji.

Wannan ba labarin Turawa kaɗai ba ne. Kodin da ke cikin maganin tari, hanta ce ke mayar da wani sashensa mofin, ƙofofin da hiroyin ke bugawa su yake bugawa. Tiramol ma danginsu ne, ga shi yana jawo farfaɗiya in ya yi yawa. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, amma na sumoga ƙwaya ɗaya 225 ce, kuma ba ɗaya ake haɗiya ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga ciki da irin waɗannan magunguna na asibiti. A Mayun 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Yaron da ke zuwa situdiyo da kwalba a aljihu yana cewa ita ke buɗe masa kai, a faɗa masa abin da take yi a zahiri: tana busar da maƙogwaro, tana rage ƙarfin numfashin da dogon baiti ke bukata, tana jinkirta hannu har ya riƙa faɗuwa bayan kiɗa, tana kuma sa shi ya ji kamar ya yi abin mamaki. Wannan na ƙarshen shi ne yaudarar. Ba waƙar ce ta gyaru ba, alƙalin da ke cikin kansa ne ya yi barci. Kuma in ya kamu, ɗaure shi da mari a ɗaki har ya daina rawar ɗari bai warkar da shi ba. An dai sauke masa sabon jiki, an sake shi cikin mako mafi haɗari a rayuwarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mutuwar ta zama haja. A 2006 mujallar Forbes ta sa Cobain a kan gaba cikin matattun da suka fi kawo kuɗi, da dala miliyan 50, ya wuce Elvis Presley a shekarar. A 2019 aka yi gwanjon rigar sanyin da ya sa a wasan talabijin na MTV Unplugged na 18 ga Nuwamban 1993, ba a wanke ba, da ƙunar sigari a jikinta, dala dubu 334. A Yunin 2020 jitar da ya kaɗa a wannan dare, Martin D-18E ƙirar 1959, ta tashi a dala miliyan 6. Hotunansa da ake bugawa a riguna, mafi yawa na shekarun ƙarshe ne, ido ya faɗa, jiki ya rame, kamar ramar ce darajar. Da wuya ka ga an buga hoton saurayin da ke atisaye a rumbun Tacoma.

A watan Oktoban 1994, wata shida bayan rasuwar, Dave Grohl ya koma situdiyon Robert Lang, ɗakin da suka yi kwana biyu suna jiran abokinsu. Shi ya sha faɗi cewa bai taɓa kusantar hiroyin ba. Cikin kusan mako guda ya naɗi waƙoƙi goma sha biyar, shi ne a ganga, shi ne a jita, shi ne a murya, yana tashi daga wannan kujera ya koma waccan. Wannan kaset ɗin ne ya zama kundin farko na ƙungiyar Foo Fighters, kuma shekara talatin bayan nan mutumin yana nan yana hawa dandali.